Gado Mai Alif

Argungu, gidan Dankure

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga babban gidan Dankure, dattijon masunta, wanda in kihi ya ji takunai bakin ruwa sai shi nutse, wato ni kakanki Labbo, zuwa ga amaryata Ɗayyaba, jikar yayana marigayi Dankure, wadda ta tsere Birnin Kebbi ta yi aure alhali ban sake ta ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da ɗanki Nasrullahi, da Abdulƙudus ɗin da ya ƙwace mini ke. Ki ce mishi ban yafe ba, amma ina gaishe shi. Mu nan lahiya lau. Ruwa ya fara ja da baya, shinkafar fadama ta yi kai, tsuntsaye sun hana kowa zama gida. Yayata Riskuwa, wadda kowa ke ce wa Inna, gwiwa ce dai ta dame ta, bakinta kuwa garau.

Takardarki ta iso hannun Yari direba tana warin albasa, don cikin buhu ya cusa ta. Kin kyauta da kinka rubuto, don gaskiyar mahaifiyarki ce, ba ni riƙon waya. Manya ba su yawo da ƙarfe a kunne. Da yake boko kinka yi, sai na sa anka kira mini Munzali jikan Riskuwa ya karanta. Ba ki san shi ba, ba a haife shi ba babanki ya kwashe ku zuwa birni. Saurayi ne da Allah ya haɗa wa kyau da hankali da ladabi. Ya sauke Alƙur'ani, shina taya mu kamun kihi, kuma in zai wuce bakin rijiya sai ki ji tulun 'yan mata na faɗuwa. In kin san wata mai tarbiyya nan unguwarku Badariya, ki yi mishi kamu. Ni kuwa da ajami zan ba ki amsa, in ya gagare ki ki nemi malami.

Na ji abin da ke tahe da ke. Kin ce yaronki ya wuce shekara uku bai fara magana ba, kun kai shi ga likita, ita kuma ta ce ki bincika dangi ko akwai wanda ya yi jinkirin baki. Kin ce kunya ta hana ki tambayar kowa sai babban gida.

To akwai, kuma ba nesa kinka je ba. Ni ne.

Riskuwa ta ce ban buɗe baki ba sai da na yi famfara, haƙoran gaba sunka zube. Har an fidda rai. Ran nan anka juye kamu tsakar gida, na tsaya bisa wani kihi na ce “ƙurungu”. Ban ce Inna ba, ban ce Baba ba, ƙurungu na fara kira, uwarmu ta rasa ko ta yi guɗa ko ta yi fushi. Kahin ni ma an ce akwai wani ƙanen babanmu da ba shi son taro, in anka yi baƙi sai shi shige kwale-kwale shi tahi. Nan unguwa har suna gare shi, ana ce mishi shirun gidan Dankure.

Saboda haka ki share hawayenki. Dubi yadda nake zuba miki zance yanzu, har takarda na neman ƙarewa. In ɗanki ya biyo ni, wata rana ke za ki roƙe shi shi yi shiru.

Ki aiko mini da goro, kar ki ba Yari a buɗe.

Naki, angon da kinka guda,
Labbo

*

Badariya, Birnin Kebbi

Zuwa ga Kaka Labbo, angona na fari,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna Riskuwa, Allah ya sauwaƙe mata gwiwa. Mu ma lafiya muke. Abdulƙudus ya ce a gaya maka shi ma bai san da mai ita ba, da bai shiga ba. Ajamin bai gagare ni ba, na yi islamiyya, ina haɗawa a hankali. Goro yana cikin ƙullin, na ɗinke bakinsa.

Kaka, ka ba ni mamaki. Abin da nake iya tunawa da kai shi ne lokacin rasuwar Kaka Dankure, ina ƙarama. Gida cike da mutane, kai kuma kana can gefe ka juya wa kowa baya kana saƙar tarun kamun kifi. Na gaishe ka ba ka waiwayo ba, na gudu wurin mamata na ce tsohon nan ba ya so na. Ashe baki ne da kai haka ka ɓoye. Na karanta wasiƙarka na yi dariya, rabona da dariya irin wannan har na manta.

Bari in ba ka labarin abokin naka. Nasrullahi bai taɓa ce mini Mama ba. In na kira sunansa ba ya juyowa, amma in aka buɗe ledar biskit a ɗakin baya sai ka gan shi a tsaye. In yana son ruwa ba ya nunawa, hannuna zai kama ya ja ni ya ɗora shi a kan randa. Yana tara marafan kwalbar lemo ya jera su a gindin bango, ja da ja, kore da kore, in wani ya taɓa ɗaya ranar babu zaman lafiya. In maƙwabta suka tada injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan ƙofa. Amma in na kunna famfo ya sa hannu a ƙarƙashin ruwan, ka ga murmushin da ba ka taɓa gani ba. Wannan kam jinin masunta ne.

An gwada kunnensa, lafiya lau yake ji. Likitar mace ce mai haƙuri. Ba ta taɓa shi da allura ba, tabarma ta shimfiɗa ta zauna tare da shi, ta hura kumfar sabulu. Ta ce ba kumfar take kallo ba, so take ta ga ko zai juyo ya dube ni don mu yi murnar tare. Bai juyo ba. Ta ambaci wani abu wai shi otizim, ta ce ba ta yanke ba tukuna, sai an zauna da shi sosai an yi cikakken gwaji, an kuma yi mana tambayoyi tun daga goyonsa har danginmu, nawa da na babansa. Ta ba mu rana a watan gobe. Ta ce in shi ne, akwai hanyoyin da ake koya wa yaro yadda zai nemi abin da yake so, kuma farawa da wuri ya fi.

Hajiya, mahaifiyar Abdulƙudus, tare muke zaune. Ita cewa take baki ne aka yi masa, kuma su a zuri'arsu yara da wuri suke magana. Shi ya sa ban nuna wa kowa wasiƙarka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai, da za mu fito likita ta ce da alama abin Nasrullahi na gado ne. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ku taya mu da addu'a.

Ka gaida Munzali mai fasa tuluna. Ka ce masa 'yan matan Badariya da famfo suke ɗiban ruwa.

Jikarka,
Ɗayyaba

*

Argungu, cikin gaggawa

Ɗayyaba, sallama. Muna lahiya amma hankalinmu ya tashi. Yaya za a ba yaro gado ki ɓoye maganar can ƙarshen takarda, bayan labarin marafan kwalba? Munzali na kaiwa nan ga karatu, sai Riskuwa ta aje tuwo ta fara kuka. Ba ki ce wace asibiti ba, ba ki ce wane ɗaki ba, ba ki sa lambar waya ba. Ga ta nan tahe cikin motar Yari, da gwiwarta da komi, an hana ta ta ƙi. Ita za ta yi jinya, ke ki samu ki huta. Allah shi tashi kafaɗunai.

Labbo

*

Badariya, Birnin Kebbi

Kaka Labbo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, kuma ka ji da kyau, kowa a gidan nan lafiya yake, babu wanda aka kwantar a asibiti. Ina fata Inna ta iso gida lafiya, ga man zafi nan na gwiwa.

Gado na ce, irin wanda ake gada wurin iyaye da kakanni, ba gadon kwanciya ba. Ka tambayi mai fasa tuluna a ina ya koyi karatu.

Ina wanki sai na ji ana buga ƙofa. Na buɗe na ga tsohuwa da tabarma a naɗe, da buta, da fulas, da ƙullin busasshen kifi, Yari na bayanta da kaza a hannu. Ko sallama ba ta gama ba ta ce in ɗauko mayafi mu tafi asibitin. Na ce wace asibiti? Ta ce ita ma abin da take tambaya ke nan tun daga Argungu. Sai da na karanta takardar da ta miƙo mini na gane, na zauna a kan bokiti ina dariya har da hawaye. Ita ko ba ta yi dariya ba, ta ce a nuna mata yaron ta gani da idonta.

Yana gindin bangonsa yana jera marafai. Na buɗe baki zan kira shi, ta ɗaga mini hannu. Ba ta ce masa komai ba, ba ta leƙa fuskarsa ba kamar yadda baƙi suke yi. Ta lallaɓa da gwiwar nan ta zauna a gefensa, ita ma ta fuskanci bango. Can ta ɗauki marfi ɗaya ja ta riƙe a tafin hannu, ba ta miƙa ba. Kaka, yaron da ba ya yarda ko inuwar baƙo ta taɓa shi, ya sa hannu ya ɗauka. Ta ɗauki wani. Haka suka yi ta yi har aka kira azahar.

Da ta tashi idonta ya yi ja. Hajiya na zaune a kujera tana kallo. Inna ba ta san zaman da muke yi ba, sai kawai ta ce, “Wanga ai Labbo ne sak. Haka nike zama da shi muna yara.”

Hajiya ta gyara zama ta ce, “To. Dama na faɗa ba daga wurinmu ba ne.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Namu ne, Hajiya, mun karɓa. In ya yi muku yawa ku ba mu, ga mota nan waje.”

Hajiya ta ce ita ba haka take nufi ba, jikanta ne ai. Aka yanka kazar, suka ci tare, har suka ɓuge da hirar ciwon gwiwa. Amma maganar ta riga ta fita. Yanzu in 'yan'uwan Abdulƙudus sun zo, sai in ga ana kallona ana kallon yaron. Na gaya wa Abdulƙudus likita ta ce wannan ba laifin kowa ba ne, kuma bin jini ba ya nufin daga gefe ɗaya ne. Ya ce ya sani, amma shi ma ya yi sanyi. Ranar na ɗauko wasiƙarka ta fari na karanta masa. Ya yi dariyar ƙurungu, ya ce a sake karanta masa wurin da ka ce wata rana ni zan roƙi yaron ya yi shiru.

Wani abu kuma, ku riƙa lura da Inna, ina jin tsufa ya fara taɓa ta. Da za ta shiga mota na ce ta yi maka godiyar wasiƙun da kake rubuto mini. Ta tsaya ta ce, “Labbo? Wace wasiƙa?” Na nuna mata. Ta juya ta, ta daɗe tana kallon rubutun, ta ce to, za ta isar da godiyar ga mai ita.

Taka,
Ɗayyaba

*

Argungu

Amaryata Ɗayyaba,

Sallama da gaisuwa. Mun gode Allah da yaro ke lahiya. Riskuwa ta iso, man zafi ya yi aiki. Godiyarki ma ta iso, da ƙarhinta. An fara yankan shinkafa, kowa na fadama.

Maganar gado, na kira Munzali na yi mishi faɗa. Amma in za a bi gaskiya, laihin bokonku ne. Mu a ajami gadon kakanni da alif muke rubuta shi, a ja shi, gadon kwanciya kuwa babu alif. Ko makaho ya shafa ya san bambanci. Ku kun tashi kun rubuta su iri ɗaya, kun bar mutum shi yi canke, ga tsohuwa tsaye bisa kai tana cewa karanta da sauri. Yaron kirki irin Munzali, wanda bokon ma a waya ya tsince ta da ƙoƙarin kainai, ai yabo ya kamata a yi mishi. Ga shi yanzu kunnenai na dama ya kumbura, Riskuwa ta murɗe shi tun daga zaure har tsakar gida, kan wagga magana da wata daban da ba sai na faɗa ba.

Abin da Hajiya ta ce, kar shi hana ki cin tuwo. In yaro ya gaji shiru wurinmu, Riskuwa ta ce hancin nan nashi mai faɗi na gidan su Hajiya ne, kuma ba mu kai ƙara ba.

Ki dai riƙe ranar da likita ta ba ku. Ni kuma idona ya fara yi mini hazo, in kin ji shiru kwana biyu kar ki damu, tsufa ne. Ba sai kin riƙa karanta wa mutane takarduna ba, zancen tsoho ne kawai.

Labbo

*

Badariya, Birnin Kebbi

Kaka,

Ina gaisuwa, ya jikin, ya idon? Kullum in na ji ƙarar mota a layinmu sai in leƙa ko Yari ne. Na je tasha da kaina, ya ce ba a ba shi komai ba. In na yi maka laifi ne ka yafe mini. Mu muna lafiya, Nasrullahi ya yi mura ya warke.

Ina so ka fara ji daga bakina. Ranar da likita ta ba mu Alhamis ɗin nan ce mai zuwa, kuma mun yanke ba za mu je ba.

Abdulƙudus ne ya fara kawo maganar, ni kuma ban musa ba. Ya ce in muka je aka sa wa yaron suna, sunan zai bi shi makaranta, ya bi shi har wurin neman aure, kuma a bakin mutane ni ce na kawo. Na gaji, Kaka. Na gaji da kallo. Sannan ya ce, me za mu je nema? Ga Kaka Labbo nan. Babu likitan da ya gwada shi, babu wanda ya hura masa kumfa, aka bar shi ya yi magana lokacin da Allah ya nufa. Yau ga shi babban gida, ga ilimi, ga barkwanci, yana rubutun da mu masu boko ba za mu iya ba. Inna da bakinta ta ce kai ne sak. To in ƙarshen Nasrullahi irin naka ne, ni na gode wa Allah, ba na neman ƙari.

Ka ce kar in karanta wa mutane, amma har Hajiya na karanta wa, ta ce ashe tsohon mai hikima ne. Tun ranar ta sassauta mini. Wasiƙunka ne suka riƙe ni a gidan nan, ba ka san iyakar abin da ka yi mini ba.

Za mu jira kamar yadda aka jira ka. In an gama aikin shinkafa zan kawo maka shi ka sa masa albarka, ku yi hira, ka koya masa ƙurungu.

Jikarka mai ƙaunarka,
Ɗayyaba

*

Argungu, ranar Talata

Yaya Ɗayyaba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Abdulƙudus da Hajiya da Nasrullahi. Nan kowa lahiya, idon kowa garau, babu mai hazo. Ki zauna kahin ki ci gaba, amma ba bisa bokiti ba.

Kaka Labbo bai iya rubutu ba. Ko alif bai taɓa ja ba. An kai shi makarantar allo shina yaro, da yara sunka ɗauki karatu gaba ɗaya ya toshe kunne ya yi ta buga kai ga bango. Anka ce taurin kai ne, anka yi ta bugu, har uwarsu ta je ta ɗauko shi. Fatiha da ƙananan surori Inna ta koya mishi, su biyu, cikin ɗaki.

Maganar famfara gaskiya ce, ƙurungu ma gaskiya ce, ƙanen babansu mai gudu cikin kwale-kwale gaskiya ne, duk daga bakin Inna na ji. Abin da na ƙara shi ne zubar zance. Kaka na magana, amma in kin tara abin da ya faɗa tun daga sallah zuwa sallah ba shi cika takarda guda, duk gajerun kalmomi ne irin haka: Ruwa. Ya isa. Ba nan ba. Sunana ma bai cika kira ba, rigata yake ja. Babban gida ne don ya girmi sauran maza, amma in anka zo neman aure ko sasanci, wasu ke zama zaure. Lokacin bikin kamun kihi, da garin ga ke cika da ganguna, shi ɗaki yake shiga Inna ta toshe mishi taga da bargo. An taɓa yi mishi aure, matar ba ta daɗe ba, ta ce ba ta iya zama da wanda ba shi ce mata sannu.

Kar ki ɗauka wahala ce kaɗai. Taru da homar kamun kihi da yake saƙawa har daga Augie ake zuwa nema. Bai taɓa ƙarya ba, bai taɓa zagin kowa ba, abin da ni ban iya cewa ga kaina. In shina bakin ruwa da sassafe, ƙafa cikin ruwa, ban san wanda ya kai shi jin daɗin duniya ba. Ina son shi, kuma na san shina so na, don ni kaɗai yake bari in zauna bisa tabarmarshi. Amma wata shekara ƙugiya ta shige mishi ƙafa, bai iya gaya wa kowa ba, sai da wurin ya ruɓe Inna ta ji wari. Har yau da ɗingishi yake tahiya.

Ranar da takardarki ta fari ta zo, na karanta mishi har ƙarshe. Bai ɗago ba, saƙa yake. Na ce Kaka mi za a ce mata? Shiru. Sai na ga bai kamata mace ta cire kunya ta rubuto wa gidan kakanta a bar ta babu amsa ba. Kuma, tunda yau ranar gaskiya ce, na ga wurin wasa. Ke jikar namiji, ni jikan mace, taubasai muke, na ce bari in ɗan ja ki, in kin zo mu yi dariya. Inna ba ta sani ba, don in na karanta mata takardarki sai in tsallake wurin da kinka yi maganar wasiƙunai, ta gaggawa kuwa ta ɗauka da sunanta na rubuta. Ban san za ki ɗauki ƙaryata ki aza ɗanki bisa ba. Da Inna ta murɗe mini kunne ta ce in gaya miki, sai na ji tsoro, na ƙirƙiro hazo na ɓuya.

Takardarki ta jiya na karanta wa Inna, wanga karon a hankali, ban yi canke ko guda ba. Da na kai wurin da kinka ce za ku jira kamar yadda anka jira shi, ta ce in tsaya. Ta ce in rubuta miki wagga magana yadda ta faɗe ta:

“Mu ba jira munka yi ba, rasa wurin zuwa munka yi. Da akwai mai shimfiɗa tabarma ta zauna da Labbo ta koya mishi yadda zai ce ƙafata na ciwo, da na goya shi na tahi da ƙasa, ko Sakkwato ce.”

Ni ban san otizim ba, allo na sani. Ban san ko abin Kaka shi ne na Nasrullahi ba, wanga aikin likita ne, kuma ba ta iya sani in ba ku je ba. Maganar suna kuwa, Yaya, Kaka bai je asibiti ba amma sunan da yaran unguwa sunka sa mishi ba ni iya rubuta miki shi. Gara wanda likita za ta faɗa, tunda shi da taimako yake tahe.

Likita ta ce tana son labarin dangi. To dangi na tahe. Gobe Laraba ni da Inna za mu shigo motar Yari mu kwana wurinku, Alhamis mu tahi tare. Inna ta ce duk abin da anka tambaya za ta faɗa, tun daga ƙurungu har ƙugiya, kuma Hajiya ma ta shirya, don ita ma za a tambaye ta nata gidan. Ki karanta wa Yaya Abdulƙudus wagga takarda kamar yadda kinka karanta mishi sauran. Hajiya ki bar mini ita, ni zan durƙusa in gaya mata mai hikimar da take yabo ko gemu bai gama hitarwa ba. In za ki buge ni, kunnen hagu ne ya rage.

Ɗazu na koma wurin Kaka, na gaya mishi abin da na yi da sunanai, na karanta mishi taki. Na ce Kaka, mi za a ce mata? Bai ce komi ba. Wanga karon haka zan rubuta miki, bai ce komi ba.

Goron dai shi ya ci, wallahi ban taɓa ko ɗaya ba.

Wanda ya rubuta wagga, da ta gaggawa, da duk sauran tun daga ta fari, ba dattijon masunta ba ne, kuma babu tulun da ya taɓa faɗuwa dominai.

Ƙanenki mai neman gafara,
Munzali